Ranar da Kankare Ya Tsaya a Bututu

Tun kafin rana ta ɗaga Akanji ya gama haɗa bututu. Ya taso da shi daga gindin injin da ya girke a ƙarƙashin mangwaro, ya bi da shi ta gefen rijiya, ya miƙar da shi jikin bango har saman ginin, inda katako da rodi suka kwana biyu suna jiran kankare. Gidan yayarsa ne, Morenike, wadda duk unguwar Olodo ba mai kiranta da wannan suna sai Iya Tunrayo. Yau ake zuba mata rufi.

Shekarun da matar nan ta yi tana ɗaukar kwanon sarki a gine-ginen Ibadan sun girmi 'yarta Tunrayo, wadda ita ma yanzu goyo take yi. Tsakiyar kanta gashi ya daina fitowa a inda gammo ke zama, kuma in ka kira ta daga baya ba wuya take juyawa ba, duk jikin take juyowa da shi. Da kwanon nan ta riƙe Akanji bayan rasuwar uwarsu, da shi ta kai shi koyon inji, da shi kuma ta tayar da wannan gida, bulo kaɗan bana, kaɗan baɗi. Ran da ginin ya kai linta ta yi rantsuwa a gaban ƙawayenta: ranar zuba rufinta babu macen da za ta hau da kaya a ka. Saboda rantsuwar nan Akanji ya yi ta bin maigidansa har ya ba shi aron injin tura kankare. Saboda ita kuma ba a kafa gadar katakon da masu kwano ke bi ba. Tsani guda aka jingina, shi ke nan.

Aikin rufi dokarsa ɗaya ce, kowa a wurin ya san ta: in an fara zubawa ba a tsayawa. Idan rabi ya sha iska ya daskare kafin ɗaya rabin ya iso, ba za su taɓa zama abu guda ba. Tabo zai zauna a tsakani, ruwan sama ya gano shi, rodi ya yi tsatsa a ciki, wata rana ya buɗe baki a kan mai barci. Siminti kuwa, wanda ke jibge a ƙarƙashin leda shi ne duka. Babu wani a baya.

Kafin a tayar da injin kwaɓa, Akanji ya farke buhu ya juye rabinsa a durom, ya zuba ruwa, ya dama har ya zama kunu. Ba yashi, ba tsakuwa. Yana cikin damawa sai ya ji inuwa a kansa.

"Wannan fa na mene ne?" in ji Iya Tunrayo.

"Na bututu ne, Egbon mi, yayata. Shi zai fara wucewa ya shafe cikinsa."

"Daga nan sai ya zuba a rufin."

"A'a. Zubar da shi ake yi."

Ta dube shi, ta dubi durom, ta sake dubansa. "Akanji, ka karya kuwa yau?"

Tsoffin abokan aikinta sun zo tun da sassafe, amma yau girki suka zo yi, sun kafa murhu a bayan tulin yashi. Babbarsu, Iya Ibeji, mace ce da muryarta ke riga ta shiga wuri. Ta ɗaga muciya sama ta ce, "Jama'a ku ji mini! Injin ƙaninki sai an dama masa koko kafin ya fara aiki. Mu da muka tsufa muna hawa da sauka, wa ya taɓa ba mu ko ruwan gari? A soya masa ƙosai mana ya haɗa!"

Matan suka kwashe da dariya. Akanji ba mai yawan magana ba ne, amma ya san in bai amsa ba za a yini ana yi da shi.

"Iya Ibeji, in kun yanko lomar amala, a bushe kuke jefa ta maƙogwaro?"

"Allah ya tsare ni."

"Ayoyon da kuke dangwalawa, cikin lomar yake shiga?"

"Bayanta yake shafewa, ɗan nan. Yau kuma cin tuwo za ka koya mini?"

"To haka kankare yake. Ba gudu yake yi a bututu kamar ruwa ba. A dunƙule yake tafiya, loma guda doguwa tun daga nan har sama. Abin da ke kai shi ɗan santsin da ke tsakaninsa da ƙarfe ne, bai fi kaurin farce ba. In ƙarfen a bushe yake, ko wani abu ya shanye santsin nan, sai ya shaƙe."

"Ashe ma maƙogwaro gare shi," in ji Iya Ibeji. "To Allah ya sa ba irin na mijina ba ne."

Iya Tunrayo ba ta yi dariya ba. Da kunun ya fito ta bakin tiyo a sama aka juyo da shi ƙasa, sai ga ta da kwano biyu ta tare shi tas, ta je ta shafe bakin rijiya da shi. Akanji ya gani ya yi murmushi. Haka take. A wurinta ƙwayar tsakuwa in ta faɗi ƙasa ba ta mutu ba, suma ta yi.

Aiki ya kankama. Lasisi ne a kan injin kwaɓa, wani siririn mutum mai ɗan tari, yana auna yashi da tsakuwa da ruwa, yana juyewa a babban mazurarin injin turawa. A sama Baba Oyewole birkila ne da mutanensa, suna jan tiyo, suna bajewa, suna soka sanda don kankare ya shiga tsakanin rodi. Inji yana bugawa a hankali kamar zuciyar mai barci, bututu yana ɗan zillo da kowane bugu. Matan girki suka bar tukwane suka zo suka tsaya suna kallon kankare yana hawa bango ba tare da ƙafar kowa ba.

"Shekaruna a banza," in ji Iya Ibeji. "Ashe ƙarfe zai iya."

Mai gidan kuwa ta kasa zama. An kawo mata kujera ta ture. Ta ɗauki tsintsiya tana zagaye wurin, tana tattara abin da shebur ya zubar.

An ci kusan rabin rufin lokacin da Baba Oyewole ya kira Akanji sama, wai a cire gaɓar bututu guda don tiyo ya kai ɗaya kusurwar. Ya hau, suka cire, suka mayar, ya yi wa Lasisi hannu a ci gaba. Kankare ya dawo. Akanji ya tsaya ɗan lokaci yana kallon yadda yake shimfiɗuwa a kan ɗakin da yayarsa ta ce nan za ta sa gadonta. Sai kunnensa ya ji abin da ba wanda ya ji tukuna. Bugun injin ya canza. Ya yi nauyi, ya koma nishi. Tiyon da ke hannun leburori ya yi tari sau biyu ya tofar da 'yar tsakuwa, ya yi shiru.

Bai san yadda ya sauko tsanin ba. Allurar agogon inji ta haye can cikin ja tana rawa. Ya tsayar, ya mayar da bugun baya don ya sassauta, ya sake turawa a hankali. Allura ta sake hayewa. Ya kashe.

Shirun da ya biyo baya har ƙarar tafasar tukunya ana ji.

"Lasisi!" Muryar Baba Oyewole ce daga sama. "Dutse ka kwaɓa mana ko me?"

"Baba, wallahi awon da na fara da shi, shi nake yi."

"Awon me? Tun safe idonka na kan tukunyar nama! Na faɗa, mutumin da tari ya cinye rabinsa ba ya iya kwaɓi. Daga yau in ka sake ganina a wurin aiki ka canza hanya." Ya juyo ga Akanji. "Kai kuma me kake jira? A ƙara ruwa a tsinka shi ya wuce!"

Leburori suka amsa, a ƙara ruwa, a ƙara ruwa. Har wani ya ɗauko bokiti.

"Ajiye," in ji Akanji. Ya ɗaga kai. "Baba, ku yi haƙuri. In aka tsinka shi, ruwan siminti zai gudu gaba ya bar tsakuwa a baya ta cije, mu ƙara shiga uku. Ko ma ya wuce, rufin da aka shayar da ruwa ne zai zauna a kan Egbon."

Baba Oyewole ya yi tsaki, amma bai musa ba, domin shi ma ya san rufin da aka shayar da ruwa. Ya duƙa ya danna babban yatsa a gefen kankaren da aka riga aka zuba.

"To ji nan. Gefen nan zan riƙe maka shi da jiƙaƙƙun buhuna, mu yi ta soka shi kada ya yi barci. Amma ranar nan ba ƙanwar uwarka ba ce. In aka kira azahar bai zo ba, kai za ka je ka faɗa wa yayarka da bakinka."

Iya Ibeji ta kwance ɗankwalinta ta fara naɗe shi gammo. "Mu fa muna nan. Kwanuka na nan."

"Ta ina za ku hau?" in ji Baba. "Ta tsanin nan ɗaya? Kafin a kafa muku gada rufin ya zama dutse."

Akanji ya saci kallon yayarsa. Tana tsaye da tsintsiya a hannu. Bai taɓa ganin ta rasa abin yi ba sai yau.

Ya ɗauki guduma ya fara bin bututu daga gindin inji, yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Inda kankare ke da rai ƙarfen yana amsawa da taushi. Ya wuce rijiya. Ya wuce gwiwar da ke ƙasan bango, wadda ita ya fi zargi. Ya hau tsani yana bugawa, gumi na shiga masa ido. Sai can a saman bango, inda babban bututu ke tsukewa ya shiga ƙaramin da ke riƙe da tiyo, guduma ta dawo masa a hannu kamar ya bugi dutse.

"Kowa ya ja baya," ya ce. "Lasisi, zo ka riƙe mini."

Ya tabbatar inji ya saki numfashinsa duka, domin maɗaurin da aka buɗe da ƙarfi a ciki yana iya cire wa mutum fuska. Sannan ya buge maɗaurin, suka sauko da tsukakkiyar gaɓar bayan gini, suka tsayar da ita a kan katako suka yi ta dukanta. Da ƙyar abin ya faɗo, dunƙule guda, ya fashe a ƙasa.

A bushe yake kamar garin kwaki. Tsakuwa ce mai jar ƙasa a jikinta, da busasshen yashi, da guntun ganyen mangwaro. A tsakiya kuma ga tsinkayen tsintsiya.

Akanji ya tsuguna ya zaro su. Bai buƙaci a faɗa masa ba. A aikin kwano haka ake yi tun fil azal: abin da ya zube a share a mayar cikin kwaɓi, shebur ya juya shi sau biyu ya ɓace. Mace mai tattali da haka ake gane ta. Lokacin da yake sama, Lasisi kuma ya juya ɗibar ruwa, yayarsa ta juye shararta kai tsaye a mazurari. Busasshiyar ƙasar ta tafi a dunƙule tana shan santsin bango, har ta isa inda hanya ta tsuke ta tsaya.

Ya ɗago. Lasisi ma tsinkayen yake kallo. Ya dubi wajen mangwaro inda Iya Tunrayo take, ya yi ɗan tarinsa, ya sa ƙafa ya tura dunƙulen ƙarƙashin katako.

"Bar shi, Akanji," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ranarta ce. Ni Baba ya saba zagina, fatata ta yi kauri."

"Ya ce ba zai ƙara ɗaukarka ba."

"Haka ya ce bara ma. Tashi, rana na tafiya."

Akanji ya zura tsinkayen a aljihu, shi kansa bai san dalili ba. Suna wanke gaɓar, yana dama sabon kunu, hannunsa na aiki amma kansa na wani wuri. Abin da ya dame shi ba wai yayarsa ta yi kuskure ba ne. Hannun da ya share tsakuwar nan shi ne hannun da ya tara gidan. Da ba ta kasance mai tsintar abin da ya faɗi ba, da babu bangon da za a ɗora wa rufi, da shi kansa yana tasha yana dako. Ta yaya hali guda zai gina gida shekara da shekaru, sannan rana ɗaya ya tashi shaƙe shi, alhali halin bai canza ba, mai shi ma ba ta canza ba? Sai kuma Lasisi. Mutum yana iya kyautar da abin hannunsa. Amma sunansa fa? In ya ce a bar masa laifin, ya halatta a karɓa? Akanji ya ji sauƙin da tayin ya kawo masa, kuma sauƙin ne ya fi ba shi tsoro. Ƙane ba ya tsayawa gaban jama'a ya ce wa wadda ta goya shi ke kika ɓata. Wannan gaskiya ne. Amma ya lura gaskiyar ta zo masa daidai yadda yake so, kamar takalmin da aka auna.

Bai warware ba. Lokaci bai ba shi dama ba. Ya ce a ransa zai sa mata ido kawai.

Suka shafe cikin gaɓar da kunu, suka zuba saura a tiyo, suka mayar suka ɗaure. Yanzu saura babbar tambaya: kankaren da ya yi ta zama cikin dogon bututu a rana, yana da sauran rai? Akanji ya sauko ya dafa ƙarfen. Da zafi. Ya tayar da inji, ya ja baya bugu guda, ya tura gaba a hankali kamar mai tashin mara lafiya. Allura ta hau. Ta ƙara hawa. Ta taɓa gefen ja ta tsaya tana kyarma. Bututu ya yi wata ƙara tun daga rijiya har bango, kamar dogon mutum yana miƙa.

Allura ta faɗo.

"Ya zo!" aka yi ihu daga sama. "Ya zo! Ja tiyo, kai, ja tiyo!"

Matan suka saki guɗa. Iya Ibeji ta warware gammonta tana kaɗa shi a iska tana juyi. Akanji ya jingina da inji, ya ji bugun nan mai nutsuwa yana ratsa bayansa. Bai taɓa jin daɗin ƙarar dizal irin na wannan lokaci ba. Kowa ya taru gindin mangwaro, har masu wucewa a hanya.

A cikin wannan murna ya hango yayarsa.

Ta ɗayan gefen ta fito, kwano a ka, cike fal. Duk abin da ya zube lokacin buɗe bututu ta share shi, har da dunƙulen da Lasisi ya ɓoye a ƙarƙashin katako. Fuskarta a sake, tana 'yar waƙar coci a hanci, tana nufar mazurari kai tsaye. Tsakaninta da shi bai fi tsawon tabarma biyu ba.

Tsawa ɗaya za ta tsayar da ita. Tsawa ɗaya kuma, a gaban ƙawayenta da birkila da 'yan kallo, za ta zauna mata a gidan nan fiye da rufin. In kuwa ya yi shiru kwanon ya shiga, wannan karon bututun ba zai tashi ba.

Akanji bai yanke shawara ba, jikinsa ne ya yanke. Ya yi tsalle ya sha gabanta, ya zube ƙasa rub da ciki, ƙirji da haɓa a cikin caɓin siminti, hannuwa a gefe, irin gaisuwar Yarbawa da bai yi mata cikakkiya ba tun ranar aurensa. Ya kwanta a kan hanyar sosai, sai dai in ta taka shi.

"Akanji! Zamewa ka yi?"

"Ban zame ba, Egbon mi. Roƙo nake yi."

"Tashi, kai! Mutane na kallo."

"Ba zan tashi ba sai kun sauke kwanon nan."

"Ya ji ƙamshin nama ne!" in ji Iya Ibeji. "Tun yana yaro haka yake, ba ya gaisuwa sai tukunya ta kusa sauka."

Aka yi dariya. Akanji ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, haɓarsa har yanzu a ƙasa. "Kun rantse yau ba macen da za ta ɗauki kaya a ka a gidan nan. To ku fa? Namiji ne ku?"

"Ya kama ki!" matan suka ɗauka. "Wallahi ya kama ki! Sauke, mai gida!"

Iya Tunrayo ta yi dariya har kwanon na girgiza. Ta sauke shi gefe, ta duƙa ta kama kafaɗarsa za ta ɗaga shi. A nan, inda ba mai gani sai ita, ya zura hannu a aljihu ya fito da shi, ya buɗe tafin hannunsa. Tsinkayen tsintsiya ne, siminti ya bushe a jikinsu.

"A maƙogwaron na same su," ya ce a hankali.

Ta dube su. Ta juyo da jikinta duka ta dubi kwanon, ta dubi mazurari. Sannan ta dubi Lasisi, wanda ya duƙufa a kan shebur kamar bai san ana yi ba. Akanji ya ga dariyar tana barin fuskarta kaɗan-kaɗan, ya ji kamar ya mayar da hannunsa ya rufe. Ya ba ta ƙofa biyu. Tana iya tashi da dariyarta ta koma wajen tukwane, ba wanda zai taɓa sani, tana kuma iya faɗin gaskiya.

Ta miƙe. Ta gyara ɗaurin zaninta.

"Baba Oyewole!"

Birkila ya leƙo daga sama.

"Ku sauke bakinku daga kan Lasisi. Ni na shaƙe injin. Shara na juye masa, ga ta biyu nan ma na kawo."

Wurin ya yi tsit, sai bugun inji. Akanji yana durƙushe a caɓi, bai iya ɗaga ido ba.

Iya Ibeji ce ta fasa shirun. Ta zo ta leƙa kwanon, ta ɗebo tsakuwar ta murza a hannu. "Tsakuwa mai kyau kuwa," ta ce. "Ni ma tun safe nake ganinta a ƙasa hannuna na ƙaiƙayi. Da ba miya nake kaɗawa ba da ni zan riga ki." Ta juya ga sauran. "Ƙarya nake?"

"Wallahi da ni ce ma kwano uku zan zuba," in ji wata.

"Inji ne mai tsirfa! A dama masa koko, a tsince masa abinci kamar jariri!"

Baba Oyewole ya sosa ƙeya. Ya daɗe yana kallon Lasisi. "To, Lasisi," ya ce, "zagin nan na ɗazu ka adana shi. Ba za ka rasa ranar da zai yi maka daidai ba. Jibi akwai aiki a Akobo, kada ka makara." Ya koma yana yi wa masu tiyo faɗa.

Lasisi ya yi tari, ya ci gaba da awo. Amma Akanji ya ga kafaɗunsa sun sauko, sai a lokacin ya gane ashe fatar ba ta kai kaurin da mai ita ya faɗa ba.

Ana kiran azahar sabon kankare ya riga ya rufe tsohon gefen. Baba ya soka sanda a mahaɗar ta nutse ba gardama, ya soka gaba, ya soka baya, ya ɗago ya yi wa Akanji alama da kai. Sun haɗu. Daga nan aiki ya tafi sumul har kusurwar ƙarshe. Iya Tunrayo ta zauna a kujerar da ta ture da safe, tsintsiya a kan cinyarta, Iya Ibeji ta ɗora ƙafa ɗaya a kan tsintsiyar wai don tsaro.

Da aka kashe inji aka baje abinci. Iya Tunrayo da kanta ta zuba wa Lasisi, ta yi ta tsamo nama tana ɗora masa har ya rufe kwanon da hannu. Akanji ya zauna gefe da amalarsa, siminti ya bushe masa a gemu. Tambayarsa ta ɗazu tana nan ba ta tafi ba. Ya dai lura cewa shi da Lasisi sun haɗu sun yanke wa matar nan hukuncin ba za ta iya ɗaukar gaskiya ba, matar da ta yi rayuwarta tana ɗaukar abin da ya fi wannan nauyi. Ya dangwali miya ya haɗiye. Lomar ta wuce lafiya.

Da rana ta yi sanyi Iya Tunrayo ta ce tana so ta ga rufinta. Akanji ya riƙe mata tsani ya biyo ta a baya. Ta hau a miƙe, wuya a sandare, kuma a kowane mataki hannunta na dama yana tashi sama ya dafe kwanon da babu shi. Da ta kai ƙarshe ta tsaya a kan katakon gefe. Rufin yana shimfiɗe a gabanta, toka-toka, yana sheƙi, daga wannan bango zuwa wancan babu tabo. Ta kai hannu ta shafa tsakiyar kanta.

"Ashe iska ake sha a nan sama," ta ce. "Ban taɓa tsayawa na ji ba."

A ƙasa Lasisi ya fara kwance maɗaurai don wanki. Ta bi dogon bututun da ido tun daga bango har gindin mangwaro, sai Akanji ya ga goshinta ya tattare.

"Akanji."

"Egbon mi."

"Wanda ya rage a cikin bututun nan fa? In kun wanke, ina za shi?"

Ya buɗe baki zai ce zubar da shi ake yi. Ya dubi dokin ƙofarta a ƙasa, inda har yanzu jar ƙasa ce, ga kwanon shara ajiye a gefe.

"Ku sa a kawo kwanuka, a daɓe ƙofar nan da shi," ya ce. "Amma ni zan ɗauka."